Wane Irin Kai Zan Ɗora wa Ƙafar Kyamarata?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano, shekarata uku ina aikin biki da suna da hoton kayan 'yan kasuwa masu talla a Instagram. Na samu ƙafar kyamara, wato tiraifod, ta hannu mai kyau, amma babu kai a jikinta, wato ƙarfen da ke samanta wanda ake ɗora kyamara a kansa a juya ta. Ina da Canon 5D Mark IV da lensi 24-70 da 70-200 f/2.8, kuma na fara karɓar aikin bidiyo. Wane kai zan saya da zai yi mini duka? Na ga wani an rubuta yana ɗaukar kilo 20, kuma ba shi da tsada.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Bari in fara da wannan kilo 20 ɗin, domin shi ne ramin da ya fi cin masu sayen kan tiraifod, kuma na ga kana bakinsa.

Babu wata ƙa'ida guda da ta ɗaure kamfanoni kan yadda za su auna nauyin da kai ke ɗauka. Kowa da mudunsa yake awo. Wani yana nufin nauyin da za a ɗora a tsaye cak a tsakiya ba tare da ƙarfen ya karye ba. Wani yana nufin nauyin da zai riƙe ko da an karkatar da shi. Shi ya sa za ka ga ɗan mitsitsin kai an rubuta masa kilo 20, ga wani ƙato na kamfanin da ke tsare mutuncinsa an rubuta masa kilo 8, alhali na biyun ya fi na farkon riƙo nesa ba kusa ba. Kayanka a haɗe ba su kai kilo biyu da rabi ba: jikin 5D Mark IV da batirinsa kusan giram 900 ne, 70-200 kuma wajen kilo ɗaya da rabi. To me zai sa mai kilo 20 ya kasa riƙe su? Domin ba nauyi ne ke kayar da kai ba, rinjaye ne. Ɗauki bokitin ruwa ka riƙe shi a gefen cinyarka, sannan ka miƙe hannu ka riƙe shi nesa da jiki. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka ta san an samu sauyi. Haka dogon lensi yake yi: nauyinsa yana can gaba, yana ta jan hancin kyamara ƙasa.

Saboda haka ni ba na sayen kai sai na gwada shi da kayana, kuma gwajin bai wuce minti biyu ba. Tafi shagon da kyamararka da 70-200. Ɗora ta, ka zuƙo zum har 200, wato iyakar jawowar lensin, ka nemi wani ƙaramin abu a nesa, misali harafi ɗaya a allon shagon da ke tsallaken titi. Kunna allon bayan kyamara, ka sa harafin a tsakiya daidai, ka ɗaure makulli, sannan ka janye hannunka gaba ɗaya. Yanzu duba. In harafin yana nan inda ka bar shi, ko ya ɗan gusa kaɗan, ka samu na ƙwarai. In ka ga ya haura sama, hancin lensi ne ya sunkuya. Wani ma tun kana murɗa makullin za ka ga hoton yana tafiya gefe, domin matsewar tana ture ƙwallon ƙarfen da ke cikin kan. Sake gwadawa, wannan karon ka karkatar da kyamara ƙasa kamar za ka ɗauki takalmi a kan darduma, ka ɗaure, ka ƙirga ashirin a zuci. Mai rauni zai riƙa zamewa sannu sannu kamar mai gyangyaɗi. In mai shago ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama ka wuce gaba.

Kada ka raina wannan 'yar sunkuyawar. A kyamara irin taka, lensi a 200 yana ganin abin da bai cika digiri 7 ba daga saman hoto zuwa ƙasansa. In kai ya sunkuya rabin digiri kacal, wanda idonka ba zai ma lura da shi a jikin ƙarfe ba, hoton ya gusa da kusan kashi 1 cikin 14 na tsayinsa. Wannan ya isa ya yanke saman ɗaurin amarya, ɗaurin da aka ɓata awa guda ana gyarawa. A 24 kuwa lensi yana ganin sama da digiri 50, wannan rabin digirin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa mutum zai shekara yana yabon kan da yake aiki da shi da gajeren lensi, ranar da ya ɗora dogo sai ya ce ya lalace. Bai lalace ba, dama can haka yake.

Af, tun da muna kan 70-200: yana da zobe mai 'yar ƙafa a tsakiyarsa. Ta nan ake ɗora shi, ba ta ƙasan kyamara ba. Ina ganin yara da yawa sun kwance zoben sun jefa a jaka wai yana damunsu a hannu, sannan su ɗaura kyamarar ta gindinta, lensi yana lilo a gaba. Wannan yana wahalar da kai, yana kuma wahalar da bakin kyamara inda lensi ke shiga. In ka ɗora ta zoben, nauyin gaba da na baya sun kusa daidaita, rabin matsalar rinjaye ta kau. Ƙari a kan haka, in kana son hoton tsaye, sai ka sassauta zoben ka juya kyamara a cikinsa, ba ka taɓa kai ba.

Yanzu mu zo kan kalmar "duka" da ka faɗa. A nan zan ɗan ɓata maka rai, domin taura biyu ba ta taunuwa. Mai hoto yana son abin da zai saki nan take, ya juya ko'ina, ya kulle ƙam. Mai bidiyo yana son abin da ba ya saki nan take, mai turjiya, wanda zai danne hannunsa ya hana shi fizga. Buƙatun nan biyu kishiyoyin juna ne, kuma kowane kai an ƙera shi ne don ɗaya daga cikinsu. Tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da wannan magana ita ce: a daidai lokacin da kake ɗauka, kyamarar a tsaye take ko tafiya take yi? Amsar wannan ce ke zaɓar maka kai.

In a tsaye take, kuma kana cikin sauri, mai ƙwallo ne naka. Ƙwallon ƙarfe ne zaune a cikin kwano, makulli ɗaya ke sakinsa da kama shi. A wurin biki babu kamarsa: dangin ango sun jeru, ka saki, ka saita, ka kulle, ka ɗauka, kafin yaran da ke gaba su watse. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne faɗin ƙwallon, domin shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Gwargwadon girmansa, gwargwadon faɗin wurin da makulli ke dafewa. Kamfanin Really Right Stuff na Amurka ma da faɗin ƙwallon yake raɗa wa kawunansa suna: BH-40 milimita 40 ne, BH-55 milimita 55. Ban ce ka sayi nasu ba, kuɗinsu ba na wasa ba ne, na kawo su ne don ka ga ma'aunin. Ga kayanka, nemi tsakanin milimita 40 da 45. Mai 30 zuwa ƙasa na ƙananan kyamarori ne da masu tafiye-tafiye. Mai 55 kuma ya fi ƙarfin buƙatarka, za ka yi ta dakon ƙarfe a banza. Kamfanonin Sin irin su Benro da Sirui da Leofoto suna yin masu kyau a wannan girman, a farashin da mai sana'a zai iya.

Abu biyu kada ka yarda a rasa su a jikinsa. Na farko, ɗan makullin turjiya, wanda wani lokaci ɗan ƙaramin abin murɗawa ne a cikin babban makullin. Aikinsa shi ne ko ka saki babban makulli, ƙwallon ba zai saki gaba ɗaya ba. Kana saita shi daidai nauyin kayanka, yadda kyamara za ta motsa in ka tura ta, ta tsaya in ka bari. Na biyu, makullin juyawa na ƙasa wanda yake daban da na ƙwallo, don ka iya juya kyamara dama da hagu ba tare da ka rasa saitin da ka yi ba. Masu araha sukan haɗa duka a makulli ɗaya, kana saki komai ya wargaje.

Rauninsa guda ne, kuma a cikin halittarsa yake: in ka saki, duk ɓangarori sun saki tare. Kana son ka ɗaga hanci kaɗan, sai layin ƙasa, wato kwanciyar hoton daga hagu zuwa dama, ya karkace. Kana gyara layin ƙasa, sai gefe ya gudu. A hoton mutane wannan ba komai ba ne. A hoton kaya kuwa, inda kwalbar turare ɗaya za ta cika hoton, yana iya cinye maka rabin yini.

A nan ne mai mariƙi uku yake shigowa, wanda tsofaffin masu situdiyo suka saba da shi. Mariƙi ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, ɗaya na kwantarwa gefe. Ka taɓa ɗaya, sauran biyun suna nan a kulle. Yana da araha, yana da sauƙin fahimta, amma mariƙan suna tsini ko'ina, suna kama rigar mutane a taro, kuma ba ya shiga jaka cikin daɗi. In situdiyonka a wuri ɗaya yake, ba laifi.

Yayansa shi ne mai haƙora, kuma ina son in ɗan tsaya a kansa domin mutanenmu ba su san shi sosai ba, alhali ga mai hoton kaya kamar kai yana iya zama abin da ya fi kowanne amfani. A cikinsa akwai haƙora irin na giyar mota. Ba ka sakin komai. Murɗawa kake yi, kyamara tana gusawa kaɗan kaɗan, inda ka tsaya nan ta tsaya, babu kullewa balle sunkuyawa. Wanda aka fi sani shi ne Manfrotto 410, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya, kuma Benro suna da nasu mai suna GD3WH. Ranar da na fara ɗaukar zoben gwal da irinsa na gane yawan lokacin da na yi ta ɓatawa a baya. Zoben yana kan baƙin yadi, haske ya zauna, saura in gusa da hoton kamar faɗin ƙwayar shinkafa don dutsen ya zo inda nake so. Na murɗa da yatsa biyu, ya zo, shi ke nan. Haka yake ga mai ɗaukar gini, wanda yake son layin bango ya miƙe sak, ko hasumiyar Gobarau ce a Katsina ko bakan gizon rufin tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Haka kuma ga masu ɗaukar shafukan tsofaffin littattafan ajami, inda dole fuskar kyamara ta yi daidai da fuskar takarda. Sai dai fa ba shi da sauri ko kaɗan. Ka kai shi wurin kamu, sai amarya ta tashi ba ka gama saiti ba.

To in kyamarar tafiya take yi fa? Nan ma gida biyu ne.

Wata shekara a Hawan Daushe na tsaya a Ƙofar Kudu da wani dogon lensi na aro mai kaiwa 600, nauyinsa kusan kilo 2, a kan mai ƙwallo. Don in bi dawakai lokacin jahi sai na saki makulli sosai. Ƙura ta taso ta shige mini ido, na ɗauke hannu na daƙiƙa ɗaya don in murza. Kafin in buɗe ido lensin ya kife gaba, ya daki ƙafar tiraifod, ya datse mini babban yatsa, murfin inuwar da ke bakinsa ya tsage. Allah ya tsare gilashin. Na biya mai lensi kuɗin murfinsa, kuma tun ranar ban sake ɗora dogon lensi a sakakken ƙwallo ba. Dalilin faɗuwar a fili yake: a kan ƙwallo, nauyi yana zaune ne a saman wurin juyawa, kamar tulu a kan gammo. Da ya ɗan karkata, sai ya tafi.

Maganin wannan shi ne gimbal, kuma kada ka haɗa shi da gimbal mai batir irin DJI Ronin da masu bidiyo ke yawo da shi a hannu, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan ƙarfe ne mai lanƙwasa da ake ɗorawa a kan tiraifod, lensi yana rataye a jikinsa ta daidai tsakiyar nauyinsa, kamar sikeli. In ka daidaita shi, da yatsa ɗaya za ka juya lensi mai kilo 3, ka saki ya tsaya inda yake kallo. Kamfanin Wimberley na Amurka ne ya shahara da shi tun 1991. Masu ɗaukar tsuntsaye a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda baƙin tsuntsaye ke sauka daga Turai a lokacin hunturu, da masu zuwa Yankari, su ne mutanensa. Kai ba ka buƙatarsa. 70-200 bai kai nauyin da zai nemi gimbal ba, kuma a cunkoson hawan sallah ma ƙafa ɗaya, wato monofod, ta fi ƙafa uku amfani, domin babu wanda zai ba ka filin baza ƙafafu.

Gida na biyu shi ne kan bidiyo, wanda ake kira mai ruwa. Ba ruwan sha ba ne a ciki, wani mai ne mai kauri da ke tsakanin faifan ƙarfe, shi ke sa juyawa ta fara a hankali, ta tafi sumul, ta tsaya ba tare da girgiza ba. Wani ɗan Ostireliya mai suna Eric Miller ne ya yi rajistar wannan ƙira a 1946, kuma har yau kamfanin Miller yana nan, tare da irin su Sachtler na Jamus, su ne manyan gidan. Yawancin juyawa mai santsi da kake gani a fim, in daga tiraifod aka yi ta, irin wannan kan ne ya yi ta. Mai ƙwallo ba zai taɓa ba ka ita ba, komai sanyin hannunka. Zai fizga a farko, ya yi tsalle a tsakiya, layin ƙasa ya karkace a ƙarshe.

Abu uku ake dubawa a jikinsa, kuma na biyun ne mutane ke mantawa. Akwai turjiyar man, wadda a masu kyau ana iya ƙara ta ko rage ta. Akwai sifirin da ke ciki wanda ke tura kyamara ta koma daidai in ka sunkuyar da ita. In ƙarfinsa ya yi daidai da nauyin kayanka, kana sunkuyar da kyamara ka saki, sai ta tsaya a nan. In ya fi ƙarfin kayanka, sai ta riƙa ɗagowa da kanta, ka yini kana kokawa da mariƙi. In bai kai ba, sai ta kife. A ƙananan kawuna irin Manfrotto 500 da 502 ƙarfin sifirin ɗin a ƙayyade yake, ba a canza shi, don haka a nan babba ba lallai ya fi ƙarami dacewa da kai ba. Gwada da kayanka. Sai kuma dogon farantin da ke zamewa gaba da baya, wanda da shi ake daidaita nauyi duk lokacin da aka canza lensi.

Akwai na bogi da yawa a kasuwa, masu mariƙi dogo da siffar kan bidiyo, amma a ciki roba ce kawai da aka shafa wa giris. Ga yadda za ka gane. Juya mariƙin a hankali iya hankali, ka kewaya da shi gaba ɗaya, kana sauraron hannunka. In ka ji wani wuri ya yi tauri wani ya yi sako-sako, ajiye shi. Sannan ka zuƙo zum, ka juya, ka tsaya, ka saki mariƙi kana kallon allo. In hoton ya ɗan koma baya bayan ka saki, wannan komawar za ta fito a kowane ɗauka da ka yi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wata dabara da na koya a wurin masu ɗaukar fim: rataya robar ɗaure kuɗi a ƙarshen mariƙi ka ja da ita maimakon hannu. Robar tana shanye rawar hannunka.

Kan bidiyo ba ya kwanciya gefe, sama da ƙasa da dama da hagu kawai yake yi. Wannan yana nufin dole gindinsa ya daidaita kafin ka fara, in ba haka ba kana juyawa ɗakin taron yana gangarawa. Ƙafafun bidiyo na asali suna da kwano a samansu, mai faɗin milimita 75 ko 100, kan yana zama a ciki da rabin ƙwallo, ka daidaita shi cikin daƙiƙa biyar kana kallon ɗan ma'aunin daidaito mai kumfa a cikin ruwa da ke jikinsa. Ƙafar da ka saya, in ta masu hoto ce, samanta a shafe yake da noti ɗaya a tsakiya. To sai ka nemi kan bidiyo mai shafaffen gindi, kuma in da hali ka sa ɗan mazaunin daidaitawa a tsakaninsu. In babu, da tsawon ƙafafu za ka riƙa daidaitawa, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da ka matsa.

Maganar noti gajeriya ce. Na ƙasan kyamara 1/4 na inci ne, na tsakanin kai da ƙafa kuma yawanci 3/8. Duba wanda ke saman ƙafarka kafin ka fita. In bai zo daidai ba akwai ɗan zoben zare da ake sakawa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Leƙa ƙarƙashin saman ƙafar kuma, wasu suna da ƙananan noti da ake matsewa daga ƙasa don kada kai ya kwance in ka juya hagu. Ka kuma lura kada gindin kan ya fi saman ƙafar faɗi sosai, kada ka ɗora ƙato a kan siririyar ƙafa.

Sai faranti, wanda a ganina ya kamata ka yanke shawara a kansa tun kafin ka zaɓi kamfani, domin shi ne zai bi ka shekara da shekaru. Shi ne ɗan ƙarfen da ke ɗaure a ƙasan kyamara, yana shiga bakin kai. Manfrotto suna da nasu mai suna 200PL, wanda ya cika kasuwanninmu, yana shiga da ƙara "ƙas", yana da sauri. Amma wanda duniyar masu hoto ta fi haɗuwa a kansa shi ne samfurin Arca-Swiss: faranti mai faɗin kusan milimita 38, gefensa a gicciye, baki yana matse shi daga ɓangare biyu. Kamfanoni barkatai suna yin sa, don haka in ka ɓatar da ɗaya ko ka canza kai, ba ka fara daga farko ba. Shi nake ba ka shawara. Amma ka sani ba a rubuce ƙa'idarsa take ba, kowa kwaikwaya yake yi, kuma akan samu bambancin da bai kai milimita ba tsakanin na wannan kamfani da na wancan. Baki mai murɗawa yana matse kowanne. Baki mai ɗan hannu da ake karyawa ya fi sauri, amma in farantin ya ɗan fi siranta, zai rufe kamar ya kama alhali bai kama ba. Na ga kyamara ta zame ta wannan hanya a gaban idona. Ɗauki mai murɗawa. Kuma in ka ga ƙananan noti biyu a ƙasan faranti, kada ka cire su, su ne ke tare shi in baki ya sassauta.

Babbar ribar samfurin Arca ita ce faranti mai kusurwa, mai siffar harafin L, wanda ke rungumar kyamara ta ƙasa da gefe. Ba tare da shi ba, in kana son hoton tsaye da 24-70, sai ka kwantar da ƙwallo cikin tsagar gefensa, kyamara ta rataya a waje, duk nauyi ya koma ɓangare ɗaya. A nan ne kai ya fi rauni, a nan ne kuma tiraifod ke kifewa in yaro ya gifta ya taɓa ta. Da mai kusurwa kuwa, ka zare kyamara, ka juya ta, ka mayar, tana nan a tsakiya. Kai da rabin aikinka hoton tsaye ne na Instagram, wannan ɗan ƙarfen zai fi yi maka amfani a kan ƙarin kuɗin da za ka zuba a kai mafi tsada. Nemi wanda aka yanka don 5D Mark IV, domin ya bar maka ƙofar batir da ramukan waya a buɗe. Har a kan bidiyo yana aiki: ka ɗaura ɗan bakin Arca a saman dogon farantin, sai ka samu bidiyon tsaye.

Ƙurarmu kuma tana da nata hukuncin. Ƙwallo a buɗe yake, hazon hunturu yana sauka a kansa ya shige kwano, sai ka fara jin ƙaras ƙaras in ka juya. Abin da mutane ke yi shi ne su ɗiga man keke ko su shafa giris. Kada ka kuskura. Mai yana kama ƙura ya zama kamar yashin goge ƙarfe, sannan yana rage riƙon makulli, wato ka kashe abin da ka biya kuɗi dominsa. Saki makulli gaba ɗaya, ka hura da famfon iskar goge lensi, ka juya ƙwallon ta kowane gefe kana share shi da busasshen ƙyalle mai tsabta. In za ka hau babur ko adaidaita, zura wa kan tsohuwar safa. Kan bidiyo kuma kada ka bar shi a but ɗin mota a zafin bazara, na sha ganin masu araha sun yi gumin mai ta gindi bayan haka.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Zauna ka duba aikin da ka yi a wata shida da suka wuce, ka ga wanne ya fi kawo kuɗi. In hoto ne, fara da mai ƙwallo na milimita 40 zuwa 45, mai makullin turjiya da makullin juyawa daban, mai bakin Arca na murɗawa. Haɗa da faranti mai kusurwa na kyamara, da wani faranti na ƙafar 70-200 wanda zai zauna a can dindindin. Bidiyon da kyamara ke tsaye wuri ɗaya, kamar jawabin waliyyi ko hira, wannan kan zai yi maka shi lafiya lau kafin ka tara kuɗin mai ruwa. In kuwa bidiyo ya fara rinjaye, juya tsarin: fara da mai ruwa. Mai ruwa yana iya ɗaukar hoto, a hankali dai, amma mai ƙwallo ba ya iya juyawar bidiyo ko kaɗan. Mai haƙora ya jira sai ranar da hoton kaya ya zama shi ne abincinka.

Na hannu ba laifi ba ne, kai mai kyau yana shekaru yana aiki. Duba ƙwallon a haske ka ga ko akwai zane mai zurfi ko lotsawa, murɗa kowane makulli har ƙarshe ka ji ko zarensa ya ci, ka tabbata farantinsa yana tare da shi. Lokacin gwajin harafin nan, kada ka ɗaga sandar tsakiya ta tiraifod, domin rawarta za ta sa ka zargi kan da ba shi da laifi. Ka kuma tafi da alanki, ɗan makullin noti mai kusurwa shida, a aljihu, yawancin farantan Arca da shi ake ɗaure su, kuma ba kowane mai shago ne ke da shi a kusa ba.